Miyar Marigayiya

Sai da Doña Eduviges ta ɗaura gyale ta rufe rabin fuska kafin ta shiga layin motar sayar da abinci ta Gumaro. Kunya ce, ba wani abu ba. Mace mai teburin sayar da tako, wato nama a naɗe cikin gurasar masara, a ƙofar gidanta tun kafin a zuba kwalta a unguwar, yau ga ta a layin wanda ya kwashe mata masu ciniki. Har direbobin bas da ta sani tun suna yaran mota sun koma can, in sun hango ta sai su kau da kai. Ta rantse sai ta ɗanɗana abin da ya fi nata.

Ɗanta Fermín ya hana ta zuwa. "Mama, hayaniya ce kawai, kar ki wahalar da ƙafarki," in ji shi kullum da safe, kafin ya fita wurin aikin ginin da ya ce ya samu.

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, layi har bakin kantin magani. Gumaro, wani ƙato mai tumbi da bakin zuma, yana datsa naman shanu a kan kututture, wuƙarsa ba ta hutawa, bakinsa ma haka.

"Uwata, na harshe ko na haƙarƙari? Da komai da komai?"

"Na harshe. Da komai."

Ya ɗora naman a kan gurasar masara biyu, wadda suke kira tortiya, ya watsa albasa, ya miƙo mata. Naman ba laifi, ta faɗa a ranta, amma ba abin da za a guji maƙwabci a kansa ba ne. Ta matsa lemon tsami, ta ɗebi jar miyar barkono da ke cikin turmin dutse a gefen motar, ta kai baki.

Loma ɗaya ta ishe ta. Ƙarƙashin zafin barkonon akwai ɗan ɗaci mai ƙanshin hayaƙi, na tortiyar da aka bari ta ƙone ƙurmus aka niƙa a ciki. Haka kakarta ke yi, haka uwarta. A gidansu 'ya mace ake koya wa, ƙofa a rufe. Ita ba ta haifi mace ba, shi ya sa ta karya al'ada ta koya wa Fermín, ta sa shi ya sumbaci gicciye cewa ba zai fitar ba. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

"Wa ke yi maka wannan miyar?" ta tambaya.

Gumaro ya washe baki. "Ta kama ki ko? Duk layin nan ita suke bi, ba kyan fuskata ba. Abokin sana'ata ne. Gadon mahaifiyarsa ce, Allah ya jiƙanta. Na so in je in roƙi tsohuwar da kaina, ya ce ai ta rasu bara." Ya buga jikin motar da ƙotar wuƙa. "Kai maraya, fito a yabe ka!"

Fermín ya leƙo ta ƙofar baya, bokitin miya a hannu, ba ɗigon siminti a jikinsa. Ta sauke gyalen. Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Ka san ta ne?" in ji Gumaro.

Ta jira. Kalma ɗaya take nema, wadda ya fara furtawa a duniya. Da ya faɗe ta, wallahi da ta yafe miyar, da direbobin, da teburinta da ya zama kango. Fermín ya dubi Gumaro, ya dubi layin mutane, ya goge hannu a rigarsa.

"Barka da rana, baiwar Allah," ya ce.

Eduviges ta cinye sauran takon a tsaye, don ba a zubar da abinci a gidansu. Ta ajiye farantin a hankali, ta dubi ɗan da ta goya.

"Sannu, yaro," ta ce. "Allah ya ba ka haƙurin rashin uwa."