Kogon Malam

Sau biyu kwale-kwalen yana juyawa a tsakiyar ruwa kafin Malam Jatau ya tuna cewa ba a tuƙi ta gefe ɗaya. Daga mashaya, Abdulbasit mai fito, wanda ya ara masa jirgin, ya ɗaga murya.

"Malam, ka tabbata ba ka son in raka ka?"

"Koma ga aikinka. Na san hanya."

Bai san ta ba, kuma damuwarsa ke nan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a firamare a Gummi, babu ajin da ya bi ta hannunsa bai ji labarin kogon da ke gindin dutse a bakin gulbi ba. Abin ya faro ne wata rana da zafi ya sa yara gyangyaɗi, sai ya ce musu ya taɓa shiga kogon shi kaɗai a kwale-kwale. Nan take suka wartsake. Daga nan kogo ya riƙa girma duk shekara, har ya kai faɗin masallacin Juma'a, ya samu fararen kifaye marasa ido da wani haske mai saukowa daga sama. Shi kuwa ko bakinsa bai taɓa gani ba, a wurin wani masunci ya ji labarin.

Sai ga Nafi'u, tsohon ɗalibinsa wanda shi ma ya zama malami, ya zo har gida ya durƙusa. Ranar Asabar zai kai ajinsa su ga kogon, kuma Malam ne jagora. Yau Alhamis. Malam Jatau ya ga gara ya riga su zuwa, ya san irin kunyar da ke jiransa.

Da hannunsa ya saba da filafili, sai tafiyar ta fara yi masa daɗi, abin da bai zata ba. Ruwan kaka ne, ya cika amma ba ya gaggawa. Gaɓa ta riƙa tashi har ta zama jan bango mai tsawo, duk ramukan tsuntsaye. Wasu mata masu wanki suka bar wankin suka tsaya kallon dattijo da babbar riga yana kokawa da jirgi. Ya ɗaga musu hannu don su san ba baƙon ruwa ba ne, hularsa ta faɗa ruwa. Ya tsamo ta, ya matse, ya mayar da ita kai kamar da ma haka ya shirya.

Wajen hantsi ya hango baƙin rami a gindin dutse. Ya yi bisimilla, ya sunkuyar da kai, ya tura jirgin ciki.

Tuƙi uku ya yi, hancin jirgin ya bugi bango. Ya kunna tocilan wayarsa ya haska ko'ina. Wurin bai fi shagon mai shayi ba. Warin kashin jemage ya cika shi, ga wani tsohon silifa ƙafa ɗaya yana yawo a kan ruwa. Kifi kuwa, ko mai ido bai gani ba. Malam Jatau ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

Da ya fito da baya, sai ya ga wata Bafulatana a kan yashi kusa da dutsen tana wanke ƙore. Suka gaisa, ta ce sunanta Hure, rugarsu na bayan tudu.

"Baba, ka hito da wuri. Ga zaure ka tsaya ke nan."

"Wane zaure?"

"Wanga da ka shiga. Kowa nan shika tsayawa. Babban ɗakin na can baya, sai wanda Allah ya buɗe ma. Mutum guda anka sani ya kai, shi ya sa muke ce mai Kogon Malam."

"Wane malam?"

"Malam Jatau na Gummi. Shi ya karantar da ɗana Yusufu." Ta kife ƙwarya a kan yashi. "Tun da yaron nan ya ji labarin, ba ya da zance sai na ruwa. Yanzu haka shina Sakkwato, karatun ruwa shikai. Ka san Malam ɗin?"

"Nakan gan shi," in ji Malam Jatau.

"In ka gan shi ka gaishe shi."

Ya ɗaure jirgin ya zauna a kan wani dutse yana shanya hularsa. Ga mafita an ba shi a hannu ba tare da ya roƙa ba. Ranar Asabar sai ya nuna bango ya ce zaure ne, yara su koma gida da labarinsu cikakke, shi ma da girmansa. Ya ji daɗi ƙwarai, musamman da zancen Yusufu. Amma da ya tuna Nafi'u a durƙushe a ƙofar gidansa, mutum mai gemu yana shirin tsayawa gaban yara arba'in ya maimaita maganar da ya yarda da ita tun yana aji uku, sai kunya ta rufe shi.

Ya hau saman dutsen yana nishi, har ya sami inda waya ke kamawa.

"Nafi'u, Asabar tana nan. Kowane yaro ya toshe hanci, wurin yana wari."

"To, Malam. Su dai fararen kifayen nan suka ƙosa su gani."

"Kafin a shiga, ka tara min su kan yashi. Zan ba su labarin ranar da na fara zuwa wurin nan."

"Ai duk sun haddace shi, Malam. Wace shekara ce ma? Suna ta tambayata."

Malam Jatau ya dubi kwale-kwalen yana rausaya a ƙasa, ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa.

"Yau ne, Nafi'u. Ɗazu da hantsi."