Kafar da ke Katangar Barira

Salifu ya riga ya dunƙula laka zai manna sai muka ji murya daga wancan gefen katangar.

"Kai yaro, ajiye lakan nan."

Ya tsaya da hannu a sama, ya dube ni. Ni kuwa na duƙar da kai ina tsintar wake, kamar ban taɓa sanin akwai wata kafa a katangar ba.

"Gwaggo Barira, damina ta kusa," ya ce. "Kuma Inna ta dame ki da leƙe, duk kartiye an sani, kaf unguwar nan."

"Na ce ka bar ta. Katangar rabi tawa ce."

Salifu autana ne, Barira kuwa maƙwabciyata. Tare muka yi tallan fura muna 'yan mata a nan Tasawa, sannan aure ya kai ta Yamai. Can ta tsufa tana dafa wa manyan ma'aikata abinci, can mijin ya rasu, ba ɗa ba jika. Da ta dawo gidan ubanta sai ta dawo da halin birni. Ƙofa a kulle da rana tsaka! Ka yi sallama, sai ta ce "wane ne?" kafin ta zare sakata, sai ka ce kai ɓarawo ne.

To mi zan yi? Ruwa ya ɗan ci katangar, ni kuma na taimaka mashi da muciya, har ta kai a zura hannu.

Abin da na gani ta kafar nan ya ishe ni hira a gidan suna da gidan biki. Barira na shan kafe da burodi da safe, ga koko a gari. Tana yi wa rediyo gardama. Babban abin shi ne gwangwanayen tumatir da ta jera a gindin katanga, ta shuka wasu furanni ja. Kullum da hantsi sai ta bi su da buta ɗaya bayan ɗaya, a garin da ake layin ruwa a famfo.

"Ana miya da su?" na taɓa tambayarta a gidan Ramla mai ƙosai.

"Ana kallonsu, Shatu. Ke da kika iya kallo."

Ranar da ta hana Salifu, da la'asar ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna daidai kafar. Ba na ganin komai sai bakinta da haƙorin Makka guda.

"Kina nan, uwar gulma?"

"Wucewa nake."

"A zaune?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "A gidan hayar da na zauna a Yamai akwai wani tsoho, ɗakinshi na jikin nawa. Mu gaisa a bakin famfo, shi ke nan, ko garinsu ban sani ba. Ya mutu a ɗaki, ƙofa a kulle. Muna ta girki, yara na tafiya lakkwal suna dawowa. Ƙuda ne suka faɗa mana."

Na ce, "Innalillahi."

"Ni ce na fi kusa da shi, Shatu. Ban leƙa ba. Can ba a leƙe, rashin kunya ne."

"To ki riƙa barin ƙofarki a buɗe mana."

"Na gwada. Hannun ne ke turawa da kanshi, sai na kwanta in tuna na sa sakata. Ki je ki faɗi duk abin da kika gani, ban hana ki ba. Amma ki riƙa dubawa."

Wannan kaɗai ne ban kai gidan Ramla ba.

Damina ta shigo, tarin ya ƙi tafiya. An kai ta likita a bayan moto mai ƙafa biyu, aka ba ta ƙwayoyi. Ƙanenta Harisu ya zo daga Mayahi zai tafi da ita, ta ce wa zai ba furanninta ruwa.

Wata safiya na tsaya rigima da akuyar Salifu da ta shiga rumbu, ban leƙa da wuri ba. Da na duƙa, rana ta hau. Tsintsiya na jingine inda ta bar ta jiya. Rediyo shiru. Ƙasar gwangwanayen ta bushe fari.

"Barira! Ke Barira!"

Ba amsa. Ban san ina da sauran irin wannan murya ba. Salifu ya haura katanga ya zare sakata, kafin in zagayo da zanena a hannu Ramla ta bar ƙosai a wuta, matan layinmu sun cika tsakar gidan.

Tana kwance a tabarma, numfashi sama-sama. Na ɗora kanta a cinyata, na ɗiga mata ruwa. Ta buɗe ido, ta bi fuskokin da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take bin gwangwanayenta. Sannan ta tsaya a kaina.

"Yau kin makara," ta ce.

"Akuya ce, ƙawa."

Ta ɗan motsa baki. Na fara kalmar shahada, ta bi ni a hankali. Kafin azahar Barira ta cika, ɗakin ba wurin sa ƙafa.

Bayan addu'ar bakwai Harisu ya sa wa gidan kwaɗo ya koma Mayahi. Salifu ya sake kwaɓa laka, na ce ya kai ta gindin rumbu.

Da hantsi nakan cika buta in duƙa. Bakinta na shiga kafar daidai, sai dai ruwan ba ya kaiwa nesa. Gwangwani ɗaya kawai yake samu, na kusa da katanga. Jiya ya fitar da ja guda biyu.