Kaskon da Glenys Ba Ta Ara Ba

Ranar da labarin ya iske Noelene, tana tsaye a kicin tana zagin mijinta Warwick. Ta buɗe injin wanke kwanuka ta tarar da maƙogwaron totur ɗin motarsa zaune fes a tsakiyar farantanta, su kuwa farantan duk baƙin maiƙo. Waya ta yi ƙara, ta ɗauka da faɗa a baki.

"Warwick, yau sai ka..."

"Noels, Bluey ne. Nemi wuri ki zauna."

Bluey abokinsa ne, mai walda. Ya ce zuciyar Warwick ce ta tsaya a wurin aiki, da gurasar nama a hannunsa.

Tun aurensu a Ipswich, Warwick ba shi da zance sai na jar motarsa ta tsere mai wani irin inji da ake kira rotari. Kowace Asabar sai ya kwance wani abu ya goge raminsa ya faɗaɗa, wai iska ta shiga da yawa, hayaƙi ya fita da yawa. In ta yi magana ya ce, "Ɗan kaɗan zan ƙara, ƴar gari." Ba abin da ta tsana irin ƙarar motar nan.

Yayarsa Glenys ta zo ta yanke hukunci a kan yadda za a yi jana'iza. "Waƙar coci, shayi, kowa ya kama gabansa. Ban da wannan tarkacen mai kurumtar da mutane."

Noelene ta ce to. Glenys na fita ta kira Bluey. "Ka haɗa motar nan. Ba za a rufe shi shiru ba."

Bluey ya mayar da maƙogwaron, sannan ya duba ƙofar hayaƙi, ɗan murfin da ke sakin hayaƙi idan turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ya cika. Ya fashe da dariya.

"Ja'iri! Ya yi ta ɗan kaɗan, ɗan kaɗan, har rami ya fi murfi girma. Sai an yanko babba daga ƙarfe mai kauri, Noels, kuma ba ni da shi."

Suka hau bincike a gareji. A bayan tsofaffin tayoyi Noelene ta zaro kaskon suyarta, kyautar aure daga mahaifiyarta. An huda gindinsa wuri-wuri, kowane rami zagayayye tsaf, irin na wanda ya yanki murfin ƙofar hayaƙi. Kaskon nan Warwick ya rantse mata Glenys ce ta ara ba ta mayar ba. Shekara da shekaru Noelene na gaishe ta a daƙile saboda shi.

Ta zauna a kan taya ta yi kuka, ta yi dariya, ta kira shi ɓarawo. Sannan ta duba, ta ga saura wurin rami ɗaya.

"Yanka," ta ce wa Bluey.

Ranar jana'iza Bluey ya jawo motar a tirela har bakin maƙabarta. Noelene ta shiga ta murza makulli. Barab, barab, barab! Tsuntsaye suka watse daga itatuwa.

Glenys ta taho tana riƙe da hula. "Kashe abin nan!"

Noelene ta ce, "Ba a kashe shi yanzu, Yaya. In aka kashe rotari da sanyi, fetur ke shaƙe shi. Sai ya yi zafi."

Fada, limamin cocin, ya leƙo ta saman tabarau. "Zuwa yaushe ke nan?"

Bluey ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. "Marigayi kan bar shi tsawon waƙa guda, Fada. Doguwa."

Haka aka rera waƙar, mota na yi musu kiɗa. Da aka sauke akwatin, Noelene ta taka totur har ƙasa. Salansar motar ta tofar da wuta, murfin da aka yanka daga kaskonta bai ko motsa ba.

Wurin shayi ta ajiye wa Glenys kaskon a cinya.

"Ga abin da ya ce kin ara."

Glenys ta leƙe ta ta cikin wani rami. "Ni kuma ce mini ya yi ke ba ki son mutane!" Suka rungume juna, ba mai iya cewa kuka suke ko dariya.

Motar tana wurin Bluey yanzu. Noelene kuwa har yau, kafin ta jera farantai a injin wanke kwanuka, sai ta jawo kwandon ƙasa ta leƙa, ko an saka mata wani abu.