Yatsan Harafin A

"Yanke shi za a yi, Malam," in ji Shu'ibu disfensa, yana riƙe da hannun hagun maƙwabcina Malam Zarami a zaure. Ƙaramin yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Ƙayar kifin ƙurungu ce ta soke shi ranar kasuwa.

"Yanki babban, ka bar mini wannan."

"Babban ai lafiyarsa ƙalau."

"Shi ne ba ya aikin komai."

Malam Zarami mai buga tafireta ne a wani ofis a nan Hadejia, zamanin Turawa. Ya taɓa nuna mini jerin haruffanta. Ya ce wani Bature ya gaya masa an warwatsa su ne don kada ƙarafan su riƙa sarƙewa, kuma da Turanci aka gwada. Sai "a" ta faɗa can gefen hagu, ƙarƙashin yatsa mafi rauni. Hausa kuwa ba ta taku biyu babu "a".

"Wanda ya jera su bai taɓa rubuta 'barka da asuba' ba," haka yakan ce.

Matarsa Yakaka ta yi magana daga bayan asabari. "Malam, ka bari a yanke. Mai yatsu tara ma yana cin tuwo."

"Tuwon wa? Samari masu yatsu goma na nan suna jiran kujerata."

Allurar da za ta ceci yatsan tana Kano, ruwa kuma ya cinye hanyar tashar jirgin ƙasa a daminar. Malam Zarami ya ce zai jira ruwa ya janye. Ya naɗe yatsan da tsumma, ya ci gaba da zuwa aiki.

Kumburin ya haura gwiwar hannu. Ranar Talata ya aika a kira Shu'ibu.

"To zo ka yanke."

Shu'ibu ya duba hammatarsa, ya rufe jaka. "Ya wuce yatsa, Malam."

Malam Zarami ya rasu ranar Alhamis bayan la'asar.

Washegarin jana'iza Yakaka ta aike ni ofis in ɗauko butarsa. Takardar ƙarshe tana kan teburinsa. Layukan a miƙe suke, sai dai duk inda "a" za ta zauna ya bar gurbi fari, yana bi yana cikewa da alƙalami. Ya kai rabin shafi.