Sabon Salon Oga

Ƙaramar likita ta gama allurar farko ta gefen kunci, ta juya sirinji za ta nufi ganɗa, sai Oga ya cafke mata hannu.

Shekara da shekaru yana koya wa ɗalibai cewa haƙorin sama allura biyu yake so kafin a cire shi: ɗaya a dasashi ta waje, ɗaya a ganɗa, wato rufin baki. Ta biyun ce mai sa ƙato fitsari a wando, shi kuwa kullum ce wa marasa lafiya yake, "Cizon sauro ne." To, yau haƙorinsa na turmi na sama ne ya ruɓe, shi ne kwance a kujera, ɗalibai sun yi masa zobe. Tsoro ne fal cikinsa, amma wa zai gaya wa?

"Bar ta," in ji shi. "Akwai sabon salo. Ta waje kaɗai ta isa, maganin yana ratsa ƙashi. Ku buɗe ido ku koya."

"Ranka ya daɗe, ai kai ka ce..."

"Ni na koya miki ko ke kika koya mini?"

A wannan sashe na haƙori ba a musu da Oga, ko da cewa ya yi rana daga yamma take fitowa. Ta ajiye sirinji, ta ɗauki filaya.

Girgizar farko, ya ji kamar ana faskara masa kai da gatari. Ya damƙi hannun kujera, yatsun ƙafarsa suka dunƙule cikin takalmi, hawaye ya gangara har cikin kunne.

"Hasken fitila ne ya yi wa Oga yawa," in ji wani ɗalibi mai neman suna. Aka gyara fitila.

Da ƙyar da jiɓin goshi haƙori ya fito. Ɗalibai suka tafa, wasu na ɗauka a waya. Oga ya yi hamdala a zuci, ya yunƙura zai tashi.

Likitar ta juya haƙorin a haske. Saiwa biyu ta gani, alhali uku gare shi.

"Ranka ya daɗe, ta wajen ganɗa ta karye a ciki, sai an tono ta. In yi allurar, ko mu ci gaba da sabon salon?"

Ga sirinji nan a kan tire, kusa da gwiwar hannunsa. Ya dube shi, ya dubi wayoyin da aka ɗaga. Ya koma ya kwanta, ya wangale baki, ya yi mata alama da hannu ta ci gaba.