Ramar Inna a Kasuwar Fitilu

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni, ni da gwangwanin madarar da na shuka rama a ciki.

Gwangwanin dai na gaske ne. Gadin wani sito nake yi a Ikko, ɗakina yana ƙarƙashin bene, ba shi da taga. Lokacin da mutanenmu suka watse daga ƙauye, abin da yayata Kande ta iya fitowa da shi daga ɗakin marigayiya Inna shi ne ɗan ƙullin irin jar rama, ta aiko mini. Na shuka a bayan sito, ɓeraye da kaji suka tone. Ƙwaya ɗaya ta tsira, na shigo da ita ɗaki. Ta fito, amma sai tsawo take kamar zare, ganyenta ya ɗashe. Aka ce mini akwai fitilar da ke tsaya wa tsiro a matsayin rana. Duk wanda na tambaya sai ya faɗi tasa daban, ni kuma in ce to. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a bakin wata kasuwa. Ruwan sama yana fitowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane sun kifar da laimarsu suna tsaye a ciki. Ban yi mamaki ba, na dai ɗaga gwangwanina kada ya jiƙe ta gindi.

A ƙofar kasuwar akwai ofis. Awaki ne ke aiki a ciki. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau, ya saƙala hula tsakanin ƙahonninsa.

Ya ce, "Baba, me ke cikin gwangwanin?"

Na ce, "Rama ce, ranka ya daɗe."

"Haka kowa ke cewa. Ganye mai yatsu, ɗaki ba taga, ana neman fitila. Wiwi ce."

"Wallahi rama ce. Kwaɗonta ake yi da ƙuliƙuli."

"Sai hukuma ta ɗanɗana."

Ya miƙo wuya ya tsinke ganyen ƙasa, ya tauna a hankali yana kallon rufi. Ya ce da tsami, amma bai gamsu ba, don haka zai raka ni. Ya kuma gaya mini dokar kasuwar: duk wanda aka yi wa magana ya yi shiru, hukuma za ta ci wani abu daga kayansa. Ban ce komai ba. Ya ƙara tsinke ɗaya.

Sai ga mu a rumfar farko. Fitilun su ne ke sayar da kansu, kuma da mudu suke auna hasken, a cika shi ya yi tozo. Wani tsohon ƙwan fitila ne a rumfar, mai jan haske, yana ta gumi yana fifita da kwali.

Ya ce, "Matso, ɗan'uwa. Ni ne na asali. Kajin gidan gona nawa suka girma a ƙarƙashina? Tambayi kowa."

Ya debo mudu ɗaya ya zuba wa ramar. Ta ji ɗumi ta buɗe ganye, raina ya yi fari. Sai ya shiga ba ni labarin wata kaza da ya raina har ta zama hakima. Labarin ba shi da ƙarshe, amma ban saba katse babba ba. Ina saurare gefen ganyen ya fara naɗewa, ya yi ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Ƙasar gwangwanin ta tsage.

Bunsurun ya ce, "Gasasshe ya fi daɗi." Ya cinye wanda ya ƙone.

Sai ga mu a wani ɗaki mai bencuna. Na gane shi, ajinmu ne na yaƙi da jahilci, sai dai allon yana ƙasa, mu muna zaune a bango. Wata doguwar farar fitila tana rataye, tana ƙyafta ido kafin ta yi magana.

Ta ce, "Nomau, ba ka gane ni ba? A ƙarƙashina ka koyi rubuta sunanka da furfurarka. Ni ba na ƙona kowa. Taɓa ni ka ji, sanyi ƙalau."

Na taɓa, gaskiyarta. Ta zuba nata mudun. Hasken bai da nauyi, kamar kunun da ruwa ya yi wa yawa. Ramar ta fara miƙewa tana nemansa, ta wuce kafaɗata, ta wuce kaina, tana ƙara sirancewa, har ta kasa ɗaukar kanta ta kwanto mini a wuya.

Fitilar ta ce, "Ka gani? Har ta yi tsawo. Sai dai ka matso da ni daf da ita. Ko ka sayi ƙannena su taya ni."

Na so in ce tsawon yunwa ne. Amma ita ce ta haska mini baƙaƙe, kunya ta hana ni. Na ji ƙarar tauna a bayan kunnena.

Daga nan ƙafata ta ƙi tsayawa. Ina tafiya rumfunan suna tafiya tare da ni. Ruwan da ya hau sama ya taru a can ya yi tafki, kifaye suna leƙo mu. Na duba gwangwanin, ganyen da suka rage ba su da yawa.

Rumfa ta uku ta wani saurayi ce, faffaɗan faranti mai ƙananan idanu ja da shuɗi, da fanka a ƙeyarsa tana gurnani. Bai ko gaishe ni ba.

Ya ce, "Tsoho, ka bar waɗancan, zamaninsu ya wuce. Shuɗina na ganye ne, jana na fure. Ba na zafi, ba na shan wuta. Daga waje aka kawo ni."

Ya kunna kansa. Komai ya koma ruwan hoda mai duhu, har haƙoran bunsurun. Ramar ta miƙe tsaye, karanta ya yi kauri, jan nan na ramar Inna ya fara dawowa. Sai na ga bangon rumfar ya cika da hancin maƙwabtana, hanci kawai, suna shinshina. Wani hanci ya ce, "Mai gadi ma ya fara." Wani ya ce, "A gaya wa mai sito."

Bunsurun ya gyara tabarau. "Irin wannan fitilar masu wiwi ke saye. In ka ɗauke ta, hukuma za ta cinye shaida har saiwa."

Tsohon ƙwan da doguwar fitilar suka iso, su ukun suka kewaye ni suna magana lokaci ɗaya. Wannan ya ce wancan maƙaryaci ne, wancan ya ce wannan murhu ne. Ina juya kai ina ba kowa kunnensa. Sai na ga Yaya Kande a zaune cikin wata ƙwarya tana shawagi, tana tsince shinkafa.

Ta ce, "Nomau, har yanzu saurare kake yi? Tun kana yaro tuwonka ke hucewa kana jin hirar mutane."

Na ce, "Yaya, ban san wadda zan ɗauka ba."

"To duba hannunka."

Na duba. Ganye ɗaya ya rage, ɗan tohon can sama. Bunsurun ya riga ya buɗe baki, ina jin hucinsa a yatsuna. Bayan wannan babu wani irin, ko a wurin Yaya, ko a ƙauyen da babu kowa.

Na rufe tohon da tafin hannu. Muryar da ta fito mini ban san ina da ita ba.

"Ku dakata! In an ɗauke wuta, wa zai tsaya da ramar nan a cikinku?"

Fankar saurayin ta tsaya. Doguwar ta ƙyafta ta ƙyafta ba ta ce komai ba. Tsohon ya kalli ƙasa yana share gumi.

Bunsurun ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "An yi muku magana kun yi shiru. Doka doka ce." Ya fara da tsohon, ƙurus ƙurus. Ya zuƙe doguwar kamar rake. Kasuwar tana duhu yana ci, har ya kama saurayin, shi kuwa ya ƙi taunuwa, yana ta gur, gur, gurrr.

Na farka. Mai shagon kusa da mu ne ke jan igiyar janareta, ta ƙi tashi. An ɗauke wuta, ɗakin baƙi ƙirin, sai siririn hasken safiya a ƙarƙashin ƙofa. Na lalubo gwangwanin. Ganyen suna nan yadda na bar su, karan ya sunkuya wajen ƙofar.

Na ɗauke shi na fita bakin get, na ajiye shi a rana kusa da bencina, na jawo sandata. Akuyar maƙwabta tana tsallaken titi tana kallonmu tana tuƙa.

Na ce mata, "Rama ce. Kuma ba a ɗanɗanawa."