Ranar da Aka Kira 'Yan Ajin Rana

"Buɗe mini tagar nan gaba ɗaya," in ji Tela, "ba na ji sosai."

Na ture tagar, muryar shugabar makaranta ta shigo ɗakin ta lasifika, tana kiran sunayen waɗanda suka ci jarrabawar aji uku. Katanga ce kawai ta raba gidan Tela da ƙaramar sakandaren gwamnati, ni ma katanga ce ta raba ni da shi. Shekara da shekaru ina ɗakina ina yi wa mata kitso ina jin ƙarar kekensa, sai bana da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, keken ya yi shiru.

Jikarsa tana zaune a bakin gado, ta harɗe yatsu. Tun tana rarrafe yake ce mata Amarya, ita kuma ta ce masa Tsoho, shi ya riƙe ta tun rasuwar uwarta. Ubanta, ɗan Tela, direban babbar mota, yana tsaye a bakin ƙofa. Dubiya ya zo, amma ya zo da sharaɗi. In yarinya ta ci, za ta zauna a wurina ta wuce babbar sakandare, kamar yadda Tela ya roƙa. In ta faɗi, zai tafi da ita ta tsare wa matarsa shago, karatu ya ƙare ke nan.

Makarantar nan kashi biyu ce. Akwai 'yan safe, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata daga tsallaken titi, masu zuwa da takalmi a goge. Akwai kuma 'yan rana, wato namu: 'ya'yan leburori, da masu tura baro, da baƙin da suka sauka bayan tasha, wasunsu ma ba su gama jin yaren malamai ba. Babu wanda ya rubuta cewa haka za a raba su, sai dai yaron da zai ɗebo ruwa ya yi aike kafin ya sa kayan makaranta, ina shi ina ƙarfe bakwai? Kafin namu su shiga aji, malamai sun gaji, alli ya ƙare, kwanon rufi ya ɗauki zafi. Shi ya sa duk shekara da safe ake kiran sakamako gaba ɗaya. A jero 'yan safe har makogwaro ya bushe, sannan a ƙarshe a liƙa 'yan ranan da suka tsallake, waɗanda yatsun hannu ma sun ishe ka ƙirga su. Amarya 'yar rana ce.

Sunaye suka yi ta wucewa. Tela ya san yaran nan fiye da malamansu, don shi ya auna kafaɗar kusan kowa. Duk sunan da aka kira sai ya gyaɗa kai.

"Wannan ai shi ne mai yaga aljihu duk zango," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Ashe yana da kai."

"Tsoho, ka yi shiru mana," in ji Amarya.

Shugaba ta kai ƙarshen 'yan safe. Muka kasa kunne, don a nan ne ake liƙa namu. Sai muka ji ta yi musu barka, aka tafa, lasifika ta yi ƙara ta mutu. Muka jira. Babu abin da ya biyo baya sai hayaniyar yara suna watsewa.

"Ko ɗaya?" na ce. "Duk layin nan ko ɗaya?"

Amarya ta miƙe ta shige ɗayan ɗakin. Tela ya juyar da fuskarsa bango, na ga kafaɗarsa tana rawa, ban sani ba tari ne ko kuka.

"To, Baba, kowa ya ji da kunnensa," in ji Direba, muryarsa a ƙasa. "Ni ban so haka ba. Ta haɗa kayanta, in na tashi tafiya sai mu wuce."

Raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya haɗiye magana.

"Kai ko kunya? Mahaifinka na kwance kana maganar haɗa kaya? Ka bari ta maimaita mana!"

"Inna mai kitso, ta maimaita a ajin rana? Ta sake faɗuwa? Shekara nawa kuna aika yara can, me aka tsinta?"

Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba. Sai na huce a kan shugabar. Sabuwa ce, bara aka kawo ta, ta zo da iyayi, wai malaman safe da na rana su riƙa musanya duk mako. Iyayen tsallaken titi suka yi ta ƙorafi, mu kuma muka ce Allah ya kawo mana tamu. "Ga musanyar nan," na ce, "da muna samun 'yan tsiraru, yanzu ko na rantsuwa babu."

Haka muka wuni. Na dama wa Tela abin sha, ya ƙi. Amarya ta ƙi zuwa makarantar, ta ce ba za ta je a yi mata kallo ba. Ina jin ta tana ninke kaya tana jan hanci. Ni ma matan da suka zo kitso na sallame su, hannuna ba zai iya ba.

Bayan azahar ina yi wa Tela fifita, sai lasifika ta sake yin tari.

"'Yan rana, ku nutsu," in ji shugaba. "Da safe ban kira ku ba, don bana kun yi yawa, ba ku liƙuwa a bayan kowa. Taronku daban."

Mafici ya faɗi daga hannuna. Tela ya buɗe ido.

"Amarya!" na ƙwala. "Fito, don Allah fito!"

Ta fito da ɗankwali a hannu. Direba ya taso daga zaure ba takalmi. Aka fara kira. Ɗan mai faci. 'Yar mai wankin mota. Tagwayen baƙin nan na bayan tasha, dukansu biyun. Duk sunan da ya fito sai ihu ya tashi daga wani gida a layinmu, har sai da na ji tsoro kada hayaniya ta haɗiye wanda muke jira. Can cikin tsakiya aka kira ta, sunanta da na ubanta, tiryan-tiryan.

Amarya ta durƙusa ta kifa kai a kan gadon. Ni kuwa ban san lokacin da na fara kuka ina dariya ba. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini tulu daga ka.

Tela ya ɗaga yatsa ya kira ɗansa.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Da kunnenka?"

"Da kunnena. Za ta zauna. Na yi alkawari."

"To, madalla." Ya dafa kan yarinyar. "Ke kuma, Amarya, kin zama 'yar boko, yanzu sai ki ce kin fi ƙarfin tsoho."

"Da ma can na fi ƙarfinka," ta ce cikin kuka.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce a ba shi abin shan da ya ƙi ɗazu, ya shanye tas. Bai bari an rufe tagar ba sai da aka kira yaro na ƙarshe.

Bai daɗe bayan nan ba. Wata safiya, yara na layi a filin makaranta, ya cika a hannun ɗansa, babu wahala, kamar wanda barci ya ɗauke. Na yi kuka, maƙwabcin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Amma ba zan ɓoye ba, hankalina a kwance yake, don na ga yadda ya tafi.

Da baƙi suka watse, Direba ya ɗauko akwatin Amarya da kansa ya kawo ɗakina, ya yi mata nasiha, ya kama hanya. Ni da ita muka shiga shagon Tela don mu kimtsa. A ƙarƙashin mayafin keken muka tarar da riga, kalar babbar sakandare, an yanka an harhaɗa, hannu ɗaya ne ba a ɗinka ba. Ban san yaushe ya yi ta ba, tabbas tun kafin ya kwanta ne.

Amarya ta ɗaga rigar ta kara a jikinta. Ta yi mata tsawo, har ta wuce gwiwa sosai. Ta tsaya a haka cikin hasken ƙofa, zaren da bai yanke ba yana lilo a gefen hannun.